Naira Ɗari Kan Ja: Yadda Gwajin Dabarun Rulet Ya Kaya da Wani Matashi Cikin Wata Biyar

## Asalin lamarin

Wanda wannan rubutu ya shafa ɗan ƙanin mahaifina ne. Ya yarda in rubuta, bisa sharaɗin kada in kama sunansa, kuma ba zan kama sunan kamfanonin caca biyun da ya yi hulɗa da su ba. Shekararsa 28 a lokacin. Ya yi difloma a fannin akanta, yana riƙe da littafin shige da fice na wani shagon kayan gini a Kaduna, ana biyansa ₦95,000 a wata. Yana zubin adashi na ₦15,000, kuma yana da ₦140,000 da ya ware a wani asusu daban da sunan kuɗin lefe.

Yana da wata ɗabi'a da ta sa wannan nazari ya yiwu: ko ruwan leda ya saya sai ya rubuta. Duk alƙaluman da ke ƙasa na kwafo su ne daga wani littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango, sai kuma tarihin wasa da manhajojin ke ajiyewa. Layi huɗu ya ja a kowane shafi: rana, abin da ya loda, abin da ya cire, abin da ya rage.

A farkon Satumba 2024 litar fetur ta tashi daga ₦600 da 'yan kai ta haura ₦850. Kuɗin motarsa da na abincin rana suka tasam ma ₦2,000 kullum, wato fiye da rabin albashinsa a kwanakin aiki 26. Da ma yakan zuba ₦200 a wasan ƙwallo jefi-jefi, kuma a cikin manhajar akwai wani sashe da bai taɓa leƙawa ba. Wani bidiyo ne ya kai shi can, na wani mutum da ke nuna yadda ake cirar kuɗin cefane kullum daga rulet da lissafi tsagwaronsa. Burinsa bai wuce ₦2,000 ɗin nan ba.

Ya san hukuncin caca, ya san aya ta 90 a Suratul Ma'ida tun yana Islamiyya. Abin da ya gaya wa kansa shi ne wannan gwajin lissafi ne, in ya ga ba ya aiki ya bari. A bangon littafin ma kalma ɗaya ya rubuta da manyan baƙaƙe: GWAJI.

Ga wanda bai san rulet ba, faifai ne mai juyawa da gurabe 37, daga lamba 0 zuwa 36. Goma sha takwas ja ne, goma sha takwas baƙi, sifiri kore. Ana jefa 'yar ƙwallo, gurbin da ta kwanta shi ne amsa. Ka aza ₦100 kan ja, ja ta fito, a ƙara maka ₦100. Ka aza kan lamba ɗaya ta fito, a ba ka ninki 35. Gidan caca yana biya kamar gurabe 36 ne alhali 37 ne, kuma wannan gurbi ɗaya shi ne ribarsa: naira ɗaya cikin kowace 37 da aka aza a tebur, kashi 2.7 cikin ɗari. Faifai mai sifiri ɗaya ya yi suna ne a hannun wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, François da Louis Blanc, a garin Bad Homburg na Jamus cikin shekarun 1840. Na Amurka sifiri biyu gare shi, gurabe 38, yankansa kashi 5.26. Shi mai sifiri ɗaya ya zaɓa tun daga farko.

## Makon ƙarshe na Satumba 2024: ninki da jarin ₦20,000

Dabarar farko ita ce Matingel, shi kuma "ninki" yake ce mata. Ka fara da ₦100 kan ja. In ka faɗi ka aza ₦200, in ka sake faɗuwa ₦400, haka dai. Duk sanda ka ci, abin da ka rasa ya dawo har da ribar ₦100, sai ka koma farko. Ya ɗebo ₦20,000 daga kuɗin lefe. Wannan jari hawa bakwai yake iya ɗauka: 100, 200, 400, 800, 1,600, 3,200, 6,400, jimla ₦12,700. Hawa na takwas yana neman ₦12,800, kuma ba za ta rage masa ba.

Ya kafa wa kansa doka: ci 20 a rana, ya cire ₦2,000, ya rufe waya. Abin ba ya ɗaukar minti ashirin. Kwana shida a jere haka ta faru. A rana ta uku sai da ya kai hawa na shida, ya aza ₦3,200 don ya ci ₦100, ja ta fito. A gefen shafin ya rubuta: "Gaba ya faɗi amma lissafi ya yi aiki."

Rana ta bakwai ya ci tara. Daga nan baƙi ya fito sau huɗu, sifiri sau ɗaya, baƙi sau biyu. ₦12,700 ta tafi cikin ƙasa da minti uku, ya rage ₦8,200.

Da ya haɗa ₦12,000 da ya cire da ₦8,200 da ta rage, sai ya ga ₦20,200. Ribar mako guda ₦200 ke nan. Abin da ya fahimta daga wannan shi ne dabarar tana aiki, jarin ne ya yi kaɗan.

Ma'aunin kuwa ga shi. A kowane juyi mai neman ja yana faɗuwa a gurabe 19 cikin 37. Faɗuwa bakwai a jere tana zuwa kamar sau ɗaya a zagaye 106, zagaye kuwa shi ne daga aza ₦100 na farko har a ci ko jari ya gaza. Mai yin zagaye 20 a rana zai iya haɗuwa da ita kamar sau ɗaya a kwana shida. Tasa ta zo a na bakwai.

## Oktoba: an ƙara jari

Ya ƙara ₦43,000 daga kuɗin lefe, jari ya zama ₦51,200, daidai hawa tara. Faɗuwa tara a jere sau ɗaya ce a zagaye kusan 400, kuma a ganinsa wannan tamkar ba za ta taɓa faruwa ba ne. Tun da jari ya ƙaru, sai ya ɗaga burin rana zuwa ₦3,000.

Kwana goma sha ɗaya yana cira. ₦33,000 ta shiga hannunsa, ta bi kuɗin mota, takalmi sabo, data, da tsarabar 'ya'yan yayarsa. A watan ne Hisbar Kano ta rufe shagunan caca kimanin 30. Ya karanta labarin a waya, wayar da yake wasan da ita.

Daren na goma sha biyu ba wuta, yana kwance kan katifa, caji ya kusa ƙarewa. Ya ci goma sha huɗu, sai abin ya juya. Ya ce min daga hawa na bakwai ba ya jin yatsansa. A hawa na tara ya aza ₦25,600, fiye da kwatan albashinsa, don neman ₦100, kuma yana da tabbacin bayan baƙi takwas dole ja ta fito. Lamba 20 ta fito, baƙa ce. Ya rage ₦1,500.

Wannan tabbaci nasa yana da tarihi. Ranar 18 ga Agusta 1913 a gidan cacar Monte Karlo baƙi ya fito sau 26 a jere, mutane suka yi ta tura dukiya kan ja da tunanin lokacinta ya yi. Faifan ba ya riƙe abin da ya wuce. Bayan baƙi takwas, damar ja tana nan yadda take a juyin farko, 18 cikin 37.

Akwai wani abu a shafin Oktoba da ya ja duk abin da ya biyo baya. A lissafin littafi asararsa ₦16,500 ce: ya loda ₦63,000, ya cire ₦45,000, saura ₦1,500. Amma ₦45,000 ɗin an riga an cinye ta a matsayin riba. Ramin da ke asusun lefe ₦63,000 ne cif, kuma shi wannan ramin yake gani idan ya rufe ido. Daga ranar ya daina neman kuɗin mota, ya koma neman cike rami. Ya goge manhajar a daren. Bayan kwana biyu ya sake sauke ta.

## Nuwamba: dabaru masu sanyi da lamba mai zafi

Ya yanke cewa ninki ya cika zafi, ya nemo masu hawa a hankali. Ya loda ₦40,000 a watan daga albashi, har da kuɗin adashi, wanda ya ce wa uwar adashi zai kawo mako mai zuwa.

Ta farko ita ce Dalamber, mai ɗauke da sunan wani masanin lissafi Bafaranshe na ƙarni na 18. In ka faɗi ka ƙara ma'auni ɗaya, in ka ci ka rage ɗaya. Da ma'aunin ₦200: ka faɗi 200, ka faɗi 400, ka ci 600, ka ci 400. Ci biyu faɗuwa biyu, amma ga ribar ₦400. A takarda abin sha'awa ne, muddin ci da faɗuwa za su zo kunnen doki. A rulet ba sa zuwa haka. A kowane juyi 37 faɗuwa ta fi ci da ɗaya, don haka abin da mutum ke azawa yana ta hawa sannu a hankali kamar ruwan rijiya da damina. Sau uku ya tsinci kansa yana aza sama da ₦2,500 a juyi ɗaya, sai ya haƙura da asarar ya koma ₦200.

Ta biyu Fibonaci ce, mai bin jerin 1, 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, inda in ka ci sai ka ja baya taki biyu. Mako guda ya yi da ita. A juyi kusan 1,400 na dabarun biyu ya rasa ₦24,300. Babu daren da ya ji irin zafin Oktoba, kuɗin dai suna ta zirarewa kamar tulu mai tsaguwa.

Sai ya koma farautar lamba. Ya ji labarin Joseph Jagger, Baturen Ingila da ya gano faifai mai karkata a Monte Karlo a ƙarni na 19, da Gonzalo García-Pelayo wanda ya yi irin haka a Madrid a farkon shekarun 1990 bayan iyalinsa sun rubuta dubban juyi. Ya zauna ya rubuta juyi 1,000 ba tare da ya aza ko sisi ba. Kowace lamba rabonta kimanin 27 ne, sai ga 17 ta fito sau 39. Ya aza mata ₦100 har juyi 300, wato ₦30,000. Ta fito sau bakwai, ta dawo masa da ₦25,200. Asara ₦4,800.

Su Jagger da faifan katako da ƙarfe suka yi, wanda ke lalacewa ya karkata. Shi kuwa hoton faifai yake kallo, kwamfuta ce ke fitar da lambar. Kuma a juyi 1,000, ko faifai ba shi da aibu ko kaɗan, samun lamba ɗaya cikin 37 da ta kai 38 ko 39 abu ne da aka saba gani.

Ƙarshen wata ya cire ₦12,400 da ta rage, ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba. Jimlar asara zuwa nan ₦45,600.

## Disamba: garaɓasa

Rantsuwar kwana tara ta yi. Saƙo ya shigo daga wani kamfani daban: sabon mai rajista, duk abin da ya loda za a ninka masa. A nan ya ga mafita da ta yi daidai da tunaninsa na farko. Matsalarsa ƙarancin jari ce, ga kuma jari kyauta. Ya haɗa ₦12,400 ɗin da ₦7,600, ya loda ₦20,000, asusu ya nuna ₦40,000.

Daren farko ya yi ninki, ya kai ₦52,000. Ya danna cirewa, manhaja ta ƙi. A ƙasa ga wata 'yar sanda mai nuna ci gaba, ta tsaya a kashi 1.3 cikin ɗari. A lokacin ya buɗe shafin sharuɗɗa, wanda ya amince da shi tun wajen rajista ba tare da ya karanta ba. Huɗu ne suka shafe shi:

Sai ya juya garaɓasar sau 35 kafin ya cire komai, wato ₦700,000. A rulet kashi 10 cikin ɗari kawai ake ƙirgawa, ya aza ₦100 a rubuta masa ₦10. Ba a yarda ya aza fiye da ₦500 a juyi ɗaya ba muddin garaɓasar na aiki. Wa'adi kwana bakwai.

Idan aka haɗa na farko da na biyu, sai ya aza ₦7,000,000 a teburin rulet kafin ya taɓa kuɗinsa. Da ₦500 a juyi, juyi 14,000 ke nan. A faifan da ake haskowa kai tsaye, mai juyi kamar ɗaya a minti, awa 233 ake buƙata, mako kuwa awa 168 ne ko mutum bai runtsa ba. A na kwamfuta mai juyi huɗu a minti, awa 58. Yankan gida a kan ₦7,000,000 kuma ₦189,000 ne da 'yan kai, shi kuwa ₦40,000 gare shi har da kyautar.

Sharaɗi na uku ya riga ya taka shi, domin ninki daga hawa na huɗu ₦800 ne. Washegari aka aiko masa cewa an soke ribar ₦12,000 saboda ya wuce iyaka, asusu ya koma ₦40,000. Ya yi tunanin kai ƙara, bai san ina zai nufa ba. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 22 ga Nuwamba 2024, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 ta mayar da ikon ga jihohi. Ban da wannan ma, kai ƙara yana nufin ya faɗi a gaban mutane abin da ko yayarsa ba ta sani ba. Kuma da hannunsa ya danna amincewa.

Ya gwada wata hikima: ₦250 kan ja, ₦250 kan baƙi a juyi ɗaya, don sandar ta yi ta tafiya kuɗi na nan. Sandar ba ta motsa ba, domin can ƙasan shafin an rubuta cewa irin wannan ba ya shiga ƙirga. Ko da yana shiga, duk sanda sifiri ya fito duka biyun za su tafi, kuma wannan shi ne dai naira ɗaya cikin 37.

Abin da ya rage masa shi ne ₦500 kan ja, juyi bayan juyi. Dare biyar ya yi yana haka, daga bayan Isha har ɗaya ko biyu na dare, da safe ya je shago ido jawur. A juyi na 2,620 kuɗin suka ƙare. Sandar tana kan kashi 20.

## Makon ƙarshe na Disamba: kuɗin shago

Wani mai gini ya kawo kafin alƙalami na ₦35,000 da yamma, bayan an rufe lissafin rana. Kuɗin suka kwana a aljihunsa. Ya koma manhajar farko da niyyar ya ci ₦15,000 na adashin Disamba ya mayar da na mutane da safe. Ya yi ninki da ma'aunin ₦1,000, wanda hawa biyar kawai yake ɗauka, kuma faɗuwa biyar a jere sau ɗaya ce a zagaye 28. Ya ci shida, ya faɗi biyar a jere, ya rage ₦10,000. Ya tura ta gaba ɗaya kan ja. Duka abin bai kai awa ɗaya ba.

Wannan ne kaɗai daren da bai rubuta a littafin ba. Daga tarihin manhaja muka ɗauko shi.

## Janairu 2025: layi na biyar

Ya zo wurina bayan Isha, ya zauna a bakin tabarma bai cire hula ba.

"Yaya, akwai maganar da nake so mu yi."

"Lafiya dai ko?"

"Na taɓa kuɗin shago."

Bayan ya gama bayani, abin da ya fara tambaya ya ba ni mamaki. So yake in duba littafin in gaya masa a wane wuri ya karya dokar dabarar. Har zuwa lokacin yana ganin kuskuren nasa ne, na rashin haƙuri ko na ƙarancin jari.

Na duba layukansa huɗu na ga babu wanda ke nuna nawa ya aza a tebur gaba ɗaya. Na ce ya ja layi na biyar. Dare biyu muka yi muna tattarawa daga tarihin manhajojin. Satumba ₦97,400. Oktoba ₦352,000. Nuwamba ₦1,150,000 a dabarun sanyi, ₦30,000 kan lamba 17. Garaɓasa ₦1,400,000. Daren kuɗin shago ₦58,000. Jimla ₦3,087,400. Mutumin da bai taɓa riƙe fiye da ₦54,200 a asusun wasa ba.

Na ce ya raba da 37. Ya danna a waya, ₦83,443 ta fito. Abin da faifai ya ci daga gare shi a zahiri ₦108,600 ne. Idan aka cire kyautar ₦20,000 aka mayar da ₦12,000 da aka soke, asarar aljihunsa ₦100,600. Ya daɗe yana kallon lambobin biyu. Wato fiye da kashi uku cikin huɗu na abin da ya tafi, ana iya faɗarsa tun kafin ya fara, ba tare da an san wace dabara zai bi ba.

Bai gamsu nan take ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya ce sai ya gwada da kansa. A kwamfutar shago ya shirya jadawali mai fitar da lamba daga 0 zuwa 36, ya saka dabarun uku da kuma aza ₦100 tsaye ba hawa, kowace juyi 20,000 har sau goma. A ninki, wasu zubin da riba suka ƙare, wanda ya bayyana masa dalilin da ya sa ake samun masu rantsuwa tana aiki. Da ya haɗa goman ya raba da jimlar abin da aka aza, duka huɗun tsakanin kashi 2 da kashi 3.5 suka faɗa. Wannan gwajin ko kobo bai ci masa ba.

Sauran matakan na hannu ne. Ya rubuta wa kamfanonin biyu su rufe asusunsa rufewar da ba zai iya buɗewa da kansa ba. Katin banki da manhajar bankin suka koma hannun yayarsa, tana ba shi ₦2,500 tsaba kowace safiya. Ita ta biya wa uwar adashi bashin ₦30,000, da sharaɗin ta cire ranar kwasarsa. Ya tambayi wani malami hukuncin rantsuwar da ya karya, ya yi kaffara.

Mai shagon ni na raka shi wurinsa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Da ni na gano a ƙarshen wata, da ba wannan maganar muke yi ba." Ya yanke a riƙa cire ₦10,000 daga albashi, kuma wata uku ba zai karɓi kuɗin mai saye da hannunsa ba.

## Fabrairu zuwa Mayu 2025: sakamako

Sau ɗaya ya koma. A tsakiyar Fabrairu ya ba wani abokinsa ₦2,000 daga kuɗin motarsa ya aza masa a asusunsa. Ta tafi, ya yi kwana biyu yana takawa rabin hanya da ƙafa, kuma da kansa ya gaya wa yayarsa. Azumi ya shigo a farkon Maris, daren da yake ba faifai ya koma na tarawi da barci. Bashin shago ya ƙare a Afrilu. An ɗage kai lefe daga bayan ƙaramar sallah.

## Abin da na gani

Dabarun uku ba su taɓa adadin asara ba, siffarta suka canja. Ninki yana ba mutum ƙananan nasarori da yawa ya karɓe su a dare ɗaya. Dalamber da Fibonaci suna karɓa kaɗan-kaɗan. A cikinsu ninki na fi ganin haɗarinsa, saboda kwana goma sha bakwai cikin goma sha tara na farko ya tashi da riba, kuma babu mai hankalin da zai ga haka bai yarda ba. Ilimin akantarsa ma bai kare shi ba, sai ma ya ba shi ƙarfin gwiwa, domin littafinsa tsaf yake, layin da ya fi muhimmanci ne kawai babu.

Aza kaɗan-kaɗan da taka-tsantsan su ne suka fi cinsa, duk da abin yana da wuyar shiga kai. Mai ₦20,000 da ke son ta zama ₦40,000, in ya aza ta gaba ɗaya sau ɗaya damarsa kashi 48.6 ce cikin ɗari. In ya bi ta ₦1,000 a juyi, ta sauko kusan kashi 25. In ya bi ta ₦100, kamar ɗaya ce cikin 50,000. Duk yadda ya ƙara lallaɓawa, kuɗin suna ƙara zagayawa ta gaban sifiri ne. Ko hanya mafi kyau a cikin ukun ba ta kai rabi ba.

Garaɓasar kuwa aikinta ke nan, ta sa kuɗi su yi ta zagayawa. Kusan rabin duk abin da ya aza a wata huɗu, a cikin mako ɗaya na garaɓasa ya aza shi. Da ya koma wasannin inji da ake ƙirga wa kashi ɗari, a inji mai yankan kashi 4 juya ₦700,000 zai ci kimanin ₦28,000, har yanzu sama da kyautar. A Maris 2025 hukumar kula da caca ta Birtaniya ta sanar da taƙaita irin wannan sharaɗi zuwa ninki 10. Ko a haka, in rulet na ƙirga kashi 10, kyautar ₦20,000 za ta nemi a aza ₦2,000,000, yankan gida ₦54,000.

Goge manhaja da rantsuwa sun gaza ne domin ba su taɓa abubuwa biyu ba: imaninsa cewa akwai dabarar da bai gano ba tukuna, da kuma kuɗi a hannunsa da dare. Layi na biyar da gwajin kwamfuta suka ɗauke na farko, yayarsa ta ɗauke na biyu. Zamewar Fabrairu ta nuna min fahimta kaɗai ba ta wadatar ba, domin a lokacin ya riga ya san lissafin fiye da ni. Abin da ya tsayar da ita a ₦2,000 shi ne iyakar abin da ke aljihunsa ke nan. Ina kuma ganin kalmar da ke bangon littafin ta yi nata aikin. Da caca ya kira abin tun ranar farko, da wuya ya kai Oktoba.

Zuwa ƙarshen Mayu ya mayar da ₦31,000 cikin ₦63,000 na lefe. Katin yana hannun yayarsa har yanzu, shi ya ce ta ci gaba da riƙewa.